A Kira Sarkin Ruwa Cikin Aji

Maganata ta wannan mako da malaman firamare na Talata Mafara da Bakura da Maradun take.

Tun da aka gama madatsar ruwan Bakolori a kan Gulbin Sakkwato cikin 1978, ruwan da ke malala cikin fadamu da damina ya ragu. To, cikin fadamun nan ne kifi kan zuba ƙwai, 'ya'yansa su girma cikin ciyawa. Saboda haka kamun masuntan da ke ƙasa da madatsar ya ja baya. Ɗan abin da ya saura kuwa, ga waɗansu suna tace shi da gidan sauro, waɗansu suna zuba masa guba. Wanda ya kwashe 'ya'yan kifi bana, me zai kama baɗi?

Kakanninmu suna da doka game da wannan. Sarkin Ruwa ya kan rufe tafki, ba mai jefa homa sai ranar da ya yi shela da rani, sa'an nan a shiga su gaba ɗaya. Haka ake yi wa Matan Fada a Argungu, shi ya sa ake fid da giwan ruwa ƙato ranar bikin da aka soma cikin 1934. A can Ostareliya ma, yara suna koyon hanyoyin su na mutanen asalin ƙasar a makaranta, waɗanda ƙa'idarsu ita ce kowa ya ɗebi gwargwadon bukatarsa, ya bar saura.

Ga shawarata. Kowane hedimasta ya gayyato Sarkin Ruwa na garinsa, ko na bakin Tafkin Natu, ya zo da taru da birgi. Yara su auna idon taru da yatsunsu, su ga wanda ƙaramin kifi ke iya ratsawa ya tsira. Su rubuta sunayen tarwaɗa da karfasa da ragon ruwa, su tambayi dattijon lokacin da kowanne ke ƙwai. Wannan ba ya bukatar ko kwabo daga gwamnati.

Ku yi hanzari, malamai, gama dattawan nan tsufa suke yi, saninsu kuwa ba a rubuce yake ba. Icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi. Allah ya sa mu gane, amin.