Wa zai ɗauki hoton Toda?

A ƙarshen Oktoban 1991, ana tsaka da Taron Ƙasa a Yamai, aka kashe Fulani makiyaya sama da ɗari a Toda, nan ƙasar Gidan Rumji. Mafi yawansu mata ne da yara. Rigimar gona da dabba ce mafari, irin wadda ke tashi kowace kaka, amma ran nan sai aka daina neman mai laifi, aka koma farautar duk wanda yake Bafulatani. Yaran da aka haifa a waccan shekarar, yanzu magidanta ne, kuma da wuya ka samu wanda zai nuna maka fuskar ko mutum guda cikin mamatan.

Abin da ke yawo a wayoyinmu ne ya tuno mana da Toda. Tun 2019, da 'yan gudun hijira suka kwararo daga Sakkwato, Zamfara da Katsina, har aka zaunar da wasu a Garin Kaka da Cadakori, hotuna ba su yanke ba a WhatsApp: gawa a bakin hanya, rumbu na cin wuta, saurayi a ɗaure tamau an rubuta ƙabilarsa a ƙasa. 'Yan bindiga na ɗaukar nasu don tsoratarwa, 'yan sa-kai na ɗaukar nasu don ramuwa. Kowane hoto yana isowa da hukuncinsa a shirye. A haka ne kalmar "ɓarawo" take mannewa al'umma sukutum, har mai tallan nono ta fara jin tsoron shiga kasuwa.

Ra'ayinmu shi ne yankin nan yana bukatar masu hoto na gaske, waɗanda suka ɗauki abin a matsayin fasaha da amana. Ba sabon abu muke nema ba. Ernest Cole, baƙar fata ɗan Afirka ta Kudu, ya riƙa ɓoye kyamararsa yana shiga ma'adanai da jiragen ƙasa a zamanin wariyar launin fata. Ya ɗauki maza tsirara a jere, hannuwa sama, ana duba su kafin a ɗauke su aikin haƙa. Babu jini a hoton, amma duk wanda ya kalle shi ya ga yadda ake zubar da mutuncin ɗan Adam bisa doka. Ya bar ƙasar a 1966, littafinsa House of Bondage ya fito a 1967, gwamnati ta haramta shi. Ya rasu a Amurka a 1990 bai koma gida ba.

Kusa da mu, Fati Abubakar ta yi shekaru tana ɗaukar mutanen Maiduguri a aikinta Bits of Borno: 'yan makaranta, 'yan kasuwa, masu biki, a lokacin da duniya ba ta san Borno da komai ba sai bam.

Irin wannan idon muke so a Toda, da Tibiri, da burtalolin da gonaki suka cinye. A ɗauki tsohuwar da ta tsira a 1991 tun tana raye. A ɗauki manomi da makiyayi a bakin rijiya guda, a kuma ɗauki inda aka hana ɗayansu ruwa, domin ɓoye muni ba ya cikin aikin.

Muna kira ga hukumomin gundumomi da sarakuna su ba matasa masu kyamara kariya da wurin baje koli a ranar kasuwa, inda Bahaushe da Bafulatani za su tsaya gaban hoto ɗaya. Sharaɗi kuwa tilas ne: kada a ɗauki kowa sai da yardarsa, kuma matar da aka sako daga hannun masu garkuwa ita ke da ikon cewa a rufe fuskarta.