Saka fik a babban yatsa ba ragwanci ba ne

1/ Masu cewa wai ɗan bes na gaske ba ya taɓa fik, ku zo nan. Carol Kaye da Paul McCartney da fik suka yi suna. To su ma 'yan koyo ne?

2/ Fik na babban yatsa sakawa ake yi kamar zobe, ba riƙewa. Sauran yatsunka a sake suke: fik ya bugi tsirkiyar E, yatsu su ja D da G.

3/ Gaskiya yana da matsala. Tsirkiyar bes kauri gare ta, in fik ya yi sako-sako juyawa yake. Nemi mai tauri wanda zai kama yatsa gam.

4/ Kunne ne alƙali fa, ba 'yan kwament ba. Gwada shi kafin ka kushe.