Kakata ba sammu aka yi mata ba

Ranar Juma'a kakata ta ɓata tsakanin fadar Sarkin Damagaram da ƙofar gidanmu a Birni, hanyar da ta shekara 60 tana bi. Yara suka bi ta da ihu, wata maƙwabciya ta ce sammu ne. Mu kanmu mun daɗe muna cewa gigin tsufa ne kawai.

Ƴan uwa, wallahi cuta ce. Wani likita Bajamushe, Alois Alzheimer, ya bayyana ta tun 1906. Ƙwaƙwalwa na da ƙwayoyin jijiya kusan biliyan 86, suna miƙa wa juna saƙo ta wasu ƴan mahaɗai. Bincike ya nuna mahaɗan nan ke fara lalacewa kafin ƙwayoyin su mutu, musamman a sashen da ke ajiye sabon abu. Shi ya sa Kaka ke tuna ranar aurenta, amma ta manta ta ci tuwo ɗazu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ke fama da ciwon mantuwa, mafi yawansu a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi. A Ibadan an fara bin tsofaffi ana bincike tun 1992. Jami'ar André Salifou tana da sashen lafiya. Muna son ɗalibanta su shigo Birni, su ƙirga tsofaffinmu, mu san girman matsalar.

Maganin warkewa bai samu ba tukuna. Amma ka kai tsohonka likita, a auna masa hawan jini, kar a kulle shi a ɗaki. In Allah ya ba mu tsawon rai, gobe mu ne.