Sharhi: Ambaliyar Neja da Binuwai, shin Lagdo ce kaɗai mai laifi?

Duk shekara idan damina ta yi nisa, daga Agusta zuwa Oktoba, sanarwa iri ɗaya ce ke fitowa daga hukumomi: Kamaru za ta saki ruwa daga madatsar Lagdo, mazauna gaɓar Binuwai su koma kan tudu. Daga Yola zuwa Makurɗi har Lakwaja, sunan Lagdo ya zama tamkar sunan ambaliyar kanta. Sai dai duk wanda ya bi kogunan nan biyu tun daga tushensu zai ga cewa lamarin ya wuce ƙofofin madatsa guda.

Kogin Neja, wanda Hausawa suka daɗe suna kira Kwara, yana ɓuɓɓugowa ne daga tsaunukan Gini, tazarar da ba ta kai kilomita 300 ba daga Tekun Atilantika. Amma da yake ruwa gangare yake bi, sai ya juya wa teku baya, ya nausa arewa maso gabas ta cikin Mali har kusa da Tumbuktu, sannan ya karkato ta Gawo da Yamai, ya shigo Najeriya ta jihar Kebbi. Kafin ya faɗa teku, ya yi tafiyar kusan kilomita 4,200.

A tsakiyar Mali, inda ƙasa ta shimfiɗu, kogin yana bazuwa ya zama tafkuna da fadamu masu faɗin gaske. A nan yake sauke lakar da ya kwaso, rana ta shanye kaso mai yawa na ruwan, saura kuma ya ci gaba a hankali. Shi ya sa ruwan daminar Gini ba ya isowa Najeriya sai cikin hunturu, wajen Disamba zuwa Fabrairu, yana garau. Masana na kiransa baƙar ambaliya, kuma ba kasafai yake ɓarna ba. Shi ne ma ke taimaka wa tafkin Kainji a lokacin rani. Mai ɓarnar ita ce farar ambaliya, ruwan saman da ya sauka kusa da mu, wanda rafuka irin su Rima da Kaduna ke turowa cike da laka a watannin Satumba da Oktoba.

Binuwai kuwa daga tsaunukan Adamawa na Kamaru yake tasowa, ya bi ta Garwa, ya yi kimanin kilomita 1,400 kafin ya tarar da Neja a Lakwaja. Shi ma a wannan lokacin yake cika maƙil. Manyan koguna biyu, kowanne a ganiyarsa, suna neman wucewa ta hanya ɗaya: wannan ne ke nutsar da unguwannin Lakwaja, ruwan ya zarce Anambara da Dalta da Bayelsa.

An kammala Lagdo a 1982. An tsara cewa Najeriya za ta gina tata madatsar a Dasin Hausa, cikin ƙaramar hukumar Fufore ta jihar Adamawa, domin ta riƙe ruwan da aka sako. Fiye da shekara 40 ke nan ba a gina ta ba, kuma wannan sakaci namu ne, ba na maƙwabta ba. Amma ko da an gina ta gobe, kogunan Gongola da Taraba da Donga da Katsina-Ala duk a ƙasa da ita suke zubowa cikin Binuwai. Ministan albarkatun ruwa na wancan lokaci, Suleiman Adamu, ya faɗa a 2022 cewa mafi yawan ruwan ambaliyar daga saman da ya sauka cikin Najeriya ya fito. Maganar ba ta yi wa mutane da dama daɗi ba, sai dai taswira tana goyon bayansa. Ambaliyar Maiduguri ta Satumban 2024, lokacin da madatsar Alau ta ɓalle, da ta Mokwa a Mayun 2025, babu wadda ruwan Kamaru ya taɓa.

Asarar ba ƙarama ba ce. Alƙaluman hukumar NEMA sun nuna cewa a 2012 mutum 363 suka rasu, sama da miliyan 2 suka bar gidajensu. A 2022 mamatan sun haura 600. A shekarar ce ruwa ya shafe hanyar Abuja zuwa Lakwaja a wajen Koton Karfe, tankokin mai suka yi cirko-cirko, layukan mai suka dawo babban birnin tarayya.

Abin da ake yawan mantawa shi ne, fadamar da manomi ke alfahari da ita kogin ne ya gina ta. Kowace cika tana barin sabuwar laka, kuma a kanta ake noman shinkafar Kebbi da ta ƙasar Nufe, a kanta makiyayi ke samun ɗanyar ciyawa da rani, a kududdufanta kifi ke hayayyafa. Fadama ɗakin kogi ce da yake ba da aro na wasu watanni. Kakanni sun san haka, shi ya sa suke noma a kwari su kwana a tudu. Yau kuwa filaye ake yankawa a cikin kwarin, a ba da takardar mallaka, a zuba siminti. Idan mai ɗaki ya dawo, sai a kira shi bala'i.

Ana kuma yawan kiran a yashe kogunan. Marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya ƙaddamar da yashe ƙasan Neja daga Warri zuwa Baro a 2009, amma domin sufurin jiragen ruwa aka yi shi, kuma yashi baya daina zuwa muddin ana sare itatuwa ƙasa tana zaizayewa a can sama. Yasa aiki ne na kullum, mai cin kuɗi.

Hukumar NIHSA tana fitar da hasashen ambaliya tun kafin damina ta kankama, har da sunayen ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari. Inda ake samun giɓi shi ne tsakanin wannan takarda da ƙauyen da ke bakin ruwa. Rabon filaye da amincewa da gine-gine a hannun gwamnonin jihohi suke, kuma jihohi da ƙananan hukumomi na karɓar kasonsu daga asusun kula da muhalli. Manomin da aka ce ya tashi, alhali shinkafarsa saura mako uku ta nuna, yana buƙatar a nuna masa inda zai sauka da iyalinsa da dabbobinsa, da wanda zai ciyar da su kafin ruwa ya janye.