Haƙurin da Ke Cika Aljihun Kamfanin Jirgi

Ɗan'uwana mazaunin Ingila, zo mu faɗa wa juna gaskiya. Da zarar an soke jirgi a Heathrow ko Manchester, mu ne kan gaba wajen cewa "Allah ya sa haka ne mafi alheri", sai mu ja akwati mu yi gida. Addu'ar ba laifi. Laifin shi ne kuɗin da kake bari a baya, alhali doka ta ce naka ne.

Tun 2004 Tarayyar Turai ta yi doka mai lamba 261, kuma da Birtaniya ta fice daga tarayyar ba ta yar da ita ba. In an soke tafiyarka, zaɓi naka ne: a maido maka da kuɗinka cikin kwana 7, ko a sa ka a wani jirgin. Takardar nan ta "ka yi tafiya da ita nan gaba" ba dole ba ce, sai in ka yarda. Muddin kana jiran wani jirgin, cinka na wuyansu. In kwana ya kama, otal da motar kai ka ma nasu ne.

Sai diyya. In ba a sanar da kai ba sai ƙasa da kwana 14 kafin tashi, kana iya neman fam 220, 350 ko 520, gwargwadon nisa. Landan zuwa Abuja ko Jidda ya haura kilomita 3,500, wato fam 520 ga kowane fasinja, ko rabin haka in jirgin da aka canja maka bai makara da awa 4 ba. Ku biyar ne? Fam 2,600 ke nan. Wannan kake yafewa don kunya?

Za su ce maka matsalar ta fi ƙarfinsu. In guguwa ce ko an rufe sararin sama, babu diyya, amma kuɗin tikiti da ɗawainiya suna nan. Lalacewar inji ta yau da kullum kuwa, kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila ta yanke tun 2014 cewa ba uzuri ba ce.

Ka lura kafin ka sayi tikiti: dokar ta shafi kowane jirgi mai tashi daga Birtaniya. Amma a dawowa daga gida, sai in kamfanin na Birtaniya ne ko na Tarayyar Turai.

To, ka adana tikitinka da rasit ɗin duk abin da ka kashe. Ka nemi dalilin sokewar a rubuce. Ka rubuta wa kamfanin da kanka, ba sai ɗan kamasho ya yanki rabonsa ba. In sun yi kunnen uwar shegu, akwai hukumar CAA. A Ingila kana da shekara 6 na shigar da ƙara, don haka jirgin da aka soke maka bara bai wuce ba.

Ba roƙo za ka yi ba, bashi za ka karɓa. Shirunka suka dogara da shi.