Zafin Bazara da Tayar Keke: Mun Bar Jaki Muna Dukan Taiki

Da zarar hunturu ya kau bazara ta kankama, wato daga watan Maris zuwa Mayu, sai kasuwar masu faci ta buɗe a ko'ina cikin ƙasar Hausa. Duk gindin itacen da ka ga an rataya tsohuwar taya, za ka tarar an kifa kekuna ƙafafu a sama, masu su suna tsugune suna fifita da hula. In ka tambaye su abin da ya faru, amsar kusan ɗaya ce: rana ce ta fasa taya. Daga wannan amsa aka samo maganin da jama'a suka yarda da shi, wato mutum ya sace wani abu daga iskar tayarsa kafin ya hau hanya, wai don iskar ta sami wurin kumbura idan rana ta take. A ganina wannan magani ya fi cutar ɓarna, kuma laifin da ake ɗora wa rana yawancinsa namu ne. Zan kawo hujjojina, mai karatu ya yi alƙalanci.

Kada a ɗauki maganar da wasa. Ga manomin da ke kai buhun hatsi kasuwar ƙauye, da malamin firamare mai zuwa aiki daga wani gari, da ɗalibin da ke zaune a wajen jami'a, keke shi ne mota, shi ne jari. Tayar da ta fashe da tsakar rana, kilomita goma daga gari, tana nufin asarar ciniki da kuɗin sabon tub, sannan ga turin keke da kaya cikin zafin da ke iya kayar da ƙato. Zafin kuwa ƙaruwa yake yi. A ranar 3 ga Afrilu, 2024, an auna digiri 48.5 a ma'aunin Salshiyas a garin Kayes na ƙasar Mali, kuma masana yanayi sun tabbatar cewa shekarar 2024 ta fi duk shekarun da suka gabace ta zafi tun da aka fara ajiye lissafi. A Sakkwato da Maiduguri da Yamai, wuce digiri 40 a watan Afrilu ba labari ba ne.

Bari mu fara da abin da ke gaskiya cikin maganar jama'a. Iskar da ke cikin tub tarin ƙwayoyi ne ƙanana ainun, waɗanda ba sa tsayawa, kullum suna karo da bangon tub ɗin. Wannan karo shi ne matsin da ke sa taya ta yi tauri. Idan iskar ta ɗumama, ƙwayoyin sukan ƙara sauri, karon ya ƙara ƙarfi, matsi ya hau. Wani Bafaranshe mai suna Amontons ya lura da wannan dangantaka tun farkon ƙarni na 18, kuma duk ɗalibin kimiyya na sakandare ya karanta ta. Abin tambaya shi ne, nawa matsin ke hawa?

Ga lissafin. A ce da asuba, zafi yana digiri 25, mutum ya buga wa tayarsa iska har geji ya nuna 50 a ma'aunin PSI, wanda shi ne ake rubutawa a gefen taya. Geji ba ya ƙirga matsin iskar da ke kewaye da mu, wanda ya kai kimanin 14, don haka ainihin matsin da ke ciki 64 ne. Shi kuma zafi dole a mayar da shi ma'aunin Kelbin, ta hanyar ƙara 273, sai digiri 25 ya zama 298. Yanzu a ce da azahar an jingine keken a rana a kan kwalta, har iskar cikin tub ta kai digiri 60, wato 333. Idan aka ninka 64 da 333, aka raba da 298, za a sami kusan 71 da rabi. A cire 14, saura 57 da rabi. Ashe duk wannan ƙuna abin da ta ƙara bai kai 8 ba. Masu yin taya kuwa sukan bar rata mai yawa tsakanin adadin da suka rubuta da adadin da taya za ta fashe. Lafiyayyar taya mai lafiyayyen tub, wadda aka yi wa iska daidai ƙa'ida, ba za ta fashe don wannan ɗan ƙari ba.

To, me ya sa tayoyi ke fashewa da bazara fiye da hunturu? Amsar tana wajen masana kimiyyar harhaɗa sinadarai. Ɗanyar roba, yadda take fitowa daga itacenta, takan yi danƙo da zafi ta sandare da sanyi. Sai a shekarar 1839 wani Ba'amurke, Charles Goodyear, ya gano cewa in aka dafa ta da farar wuta takan yi ƙarko, domin farar wutar tana ɗaure dogayen zarurrukan robar da juna, kamar yadda masaƙi ke haɗa zare tsaye da na kwance. Da irin wannan roba John Boyd Dunlop, wani likitan dabbobi da ke zaune a Belfast, ya yi wa keken ɗansa taya mai iska a 1888. Amma wannan saƙa ba ta dawwama. Iskar oksijin da iskar ozon suna cin ta sannu a hankali, haka nan wani kashi na hasken rana wanda ido ba ya gani. Shi ya sa ake zuba wa robar taya wani baƙin gari mai kama da kunkunniya, don ya ƙara mata ƙarfi ya kuma tare wannan haske, kodayake baƙin ne kuma ke sa ta shan zafi. Akwai ƙa'idar da masana suka daɗe da sani, cewa yawancin irin wannan lalacewa takan ninka saurinta kusan sau biyu duk lokacin da zafi ya ƙaru da digiri 10. Ke nan tayar da ke yini a rana tana tsufa ninkin-ba-ninkin wadda ke yini a zaure.

Alamar wannan tsufa a bayyane take. Dubi gefen tayar, za ka ga 'yan tsage-tsage kamar faso a dunduniya. Ta nan ƙura da ruwa ke shiga su cinye zaren da ke cikin taya, wanda shi ne ainihin mai riƙe matsin iska. Wata tayar ma tun a kasuwa ta tsufa, domin ta yi watanni a rataye bakin rumfa rana na dukanta, mai saye ya biya kuɗin sabuwa ya tafi da tsohuwa. Sai kuma maganar faci. Tub ɗin da aka lilliƙe da guntayen tsohon tub da sholisho, faci a kan faci, yana iya riƙewa da hunturu, amma da zafi ya yi yawa sholishon yakan yi laushi, bakin facin ya ɗaga. A irin wannan taya ne ɗan ƙarin nan na 7 ko 8 ke zama ajali. Aikin rana a nan shi ne tonon asiri: ta nuna raunin da ya daɗe yana nan.

Yanzu mu koma ga maganin nan na sace iska. Taya mai ƙarancin iska takan baje a inda ta taɓa ƙasa, kuma duk juyi ɗaya sai gefenta ya lanƙwashe ya miƙe. Wanda ya taɓa lanƙwasa waya gaba da baya don ya karya ta ya san yadda wurin ke yin zafi har ya ƙona yatsa. Haka roba take. Mutumin da ya rage iska don gudun zafi ya sa tayarsa tana haifar da zafi daga cikinta, tana kuma buɗe tsage-tsagen da ke gefenta. Na biyu, idan aka faɗa rami ko aka hau dutse, musamman da buhu a kariya, bakin rim yakan danne tub ya huda shi wuri biyu kusa da juna, kamar saran maciji. Masu faci sun san wannan huda sarai, kuma ba ƙusa ke yin ta ba. Na uku, taya mai laushi takan riƙa zamewa a kan rim idan an taka birki, ta ja tub ɗin har ya yage a gindin bawul, inda faci ba ya kamawa. Na huɗu, tayar da ta baje ta fi kwasar ƙaya, ga shi da rani tsidau ya bushe ya watsu a gefen hanya. Wannan shi ne garin neman gira a rasa ido.

Akwai na biyar, wanda ya fi sauran muhimmanci, domin ya shafi rai. Keke mai laushin taya ya fi wuyar tuƙi, kuma yawancin ƙarfin da jiki ke kashewa wajen taka feda zafi yake komawa. Jikin ɗan Adam yana aiki ne a wajen digiri 37, kuma idan iskar waje ta fi haka zafi, gumi kaɗai ya rage masa hanyar huce kansa. Idan zafin cikin jiki ya haura digiri 40, ƙwaƙwalwa takan ruɗe, mutum ya faɗi, in ba a yi gaggawa ba ya rasa ransa. Taya tana iya jure digiri 60 ba ta ce uffan ba, mai keken kuwa ƙarin digiri uku ko huɗu ya ishe shi. Duk abin da zai ƙara wa matuƙi wahala da tsakar rana, hatsari ne ya ƙara masa.

Adalci ya sa in ambaci inda masu rage iska ke da gaskiya. Idan mutum ya je wajen mai facin mota aka cika masa taya da inji, ba geji, sai latsawa da babban yatsa, to yana yiwuwa tun da safe ta wuce ƙa'ida, kuma zafin rana zai ƙarasa ta. A nan rage iska daidai ne, amma abin da aka gyara kuskuren safe ne. Haka kuma a hanya mai rairayi, taya mai ɗan sassauci ta fi tafiya. Sannan a doguwar gangara, irin ta tsaunukan Filato ko Mambila, riƙe birki ba saki yakan sa rim ya yi zafin da hannu ba zai taɓa ba, kuma wannan zafi kai tsaye yake shiga tub. Maganin wannan shi ne a riƙa kamawa ana saki, a yi amfani da birkin gaba da na baya, a tsaya rim ya huce.

Kada kuma a manta da hanyar kanta. Kwalta takan fara laushi daga wajen digiri 50, kuma a ranar da iska ta kai digiri 40 fuskar titi tana iya wuce 60. A watan Yuli na 2003, lokacin da Turai ke fama da matsanancin zafi, wani ɗan tseren keke daga ƙasar Sifen, Joseba Beloki, yana gangarowa zuwa garin Gap a babbar gasar kekuna ta Faransa, sai ƙafar bayan kekensa ta zame a kan kwaltar da ta narke, tayar ta fita daga rim, ya faɗi ya karye a cinya da gwiwar hannu. Kekensa na ƙwararru ne, kuma injiniyoyi ke kula da iskarsa. Inda ka ga titi yana ƙyalli da rana, rage gudu tun kafin ka isa, kada ka danne birki a kansa.

Abin da nake kira gare shi ba mai tsada ba ne. Mai keke ya karanta lambar da ke gefen tayarsa, ya yi iska da sanyin safiya, ya tsaya ɗan ƙasa da iyakar da aka rubuta, ya bar ta haka. Ya ajiye keke a inuwa, domin inuwa ita ce maganin tsufan roba mafi arha. Kafin bazara ta shigo ya duba gefen taya, in ya ga tsaga har zare ya bayyana ya canza ta, ya kuma haƙura da tub ɗin da faci ya yi wa yawa. In zai sayi sabuwa, ya nemi ta cikin shago, ya lanƙwasa gefenta ya gani. Ya yi tafiyarsa da sassafe ko bayan la'asar, da gorar ruwa, in kuwa ya ji jiri ko ciwon kai ya sauka ya nemi inuwa. Su kuma masu faci, geji ɗaya a cikin akwatin aiki zai raba su da yawan ƙorafi.

Mu ma da ke jami'a muna da namu kason. Lissafin da na kawo a sama na kan takarda ne, ya kamata a gwada shi a ƙasarmu da irin tayoyin da ke kasuwanninmu. Ɗalibin ajin ƙarshe a sashen kimiyyar lissafi da ƙarfi yana iya auna matsi da zafin taya da asuba da azahar har tsawon wata guda, da geji da ma'aunin zafi kawai. Na sashen harhaɗa sinadarai ya ajiye taya ɗaya a rana ɗaya a inuwa, ya kwatanta su bayan bazara. A rubuta sakamakon da Hausa, a kai wa masu faci da ke bakin ƙofar makaranta, a kuma ji nasu bayanin, don sun ga tub fiye da yadda muka ga littafi. Hukumomin makarantu su kafa rumfunan ajiye kekuna, su dasa itatuwa a gefen hanyoyi.

Bazara za ta dawo baɗi, mai yiwuwa da zafin da ya fi na bana, kuma ba mu da iko a kan rana. Muna da iko a kan inda za mu jingine keke, da irin tayar da za mu saya, da yawan iskar da za mu buga mata, da lokacin da za mu hau hanya. Allah ya sa mu gyara, ya kuma kai kowa gida lafiya.