Tashar sola ta Gwiwa: Takarar farashi kaɗai ba za ta kawo wuta ba

A watan Oktoban 2024, lokacin da lalacewar manyan layukan dakon wuta ta jefa yawancin jihohin Arewa cikin duhu fiye da mako guda, masu walda da masu injin niƙa da masu sayar da ƙanƙara a Kazaure da Roni da Babura sun koma kan janareta kamar kowa. Abin takaicin shi ne, a maƙwabtansu, cikin ƙaramar hukumar Gwiwa, aka tsara gina tashar wutar hasken rana mai ƙarfin megawat 1,000, kuma har yanzu ba ta fara ba da wuta ba.

A 2018 ne Bankin Raya Ƙasashen Afirka ya amince da tallafin dala miliyan 1.5 domin wannan shiri na Jigawa. Ba kuɗin sayen faifan sola ba ne. Kuɗi ne na kammala binciken yiwuwar aikin da zana taswirar filin, da nufin daga baya a ɗauko ƙwararrun masu ba da shawara su tsara takara tsakanin kamfanoni masu zaman kansu. Gwamnati kuwa ita za ta samar da fili da layin kwashe wutar.

Wannan takara gwanjo ce da aka juya. A gwanjon da 'yan kasuwa suka saba, wanda ya fi tayi mai tsoka shi ke ɗauka. A nan kuwa gwamnati ke bayyana yawan wutar da take so, kamfanonin da suka cika sharuɗɗa su miƙa farashinsu a rufe, wanda ya fi sauƙi ya samu kwangilar sayar da wuta ta kimanin shekara 20. Aikin masu ba da shawara shi ne share fage: auna ƙarfin rana, tabbatar da mallakar fili, rubuta yarjejeniya iri ɗaya ga kowa, da tace kamfanoni don kada 'yan kayi-nayi su ci kwangila su koma neman wanda za su sayar wa.

Tsarin ya yi aiki a wasu ƙasashe. A 2016 Zambiya ta yi irin wannan takara da shawarar IFC, reshen Bankin Duniya mai hulɗa da 'yan kasuwa, ta samu farashin senti 6.02 da senti 7.84 na dala a kan kowane yunit, kuma tashoshin biyu sun fara aiki a 2019. A 2018 Senegal ta samu ƙasa da senti 4 na yuro a tashoshin Kahone da Kael, masu jimillar megawat 60.

A shekarar da Zambiya ta yi tata takarar, Najeriya ta bi wata hanya dabam. A Yulin 2016, NBET, kamfanin gwamnati mai sayen wuta a sari, ya sa hannu da kamfanoni 14 kan megawat 1,125 a farashin senti 11.5, ba tare da buɗaɗɗiyar takara ba. Biyu daga cikin ayyukan a Jigawa aka tsara su. Da gwamnati ta ga kusan ninki biyu na farashin Zambiya za ta riƙa biya, sai ta nemi a rage zuwa senti 7.5, aka kuma yi ta ja-in-ja kan takardar lamunin da bankuna ke buƙata kafin su saki kuɗi. Shekaru suka shuɗe ba a gina tashoshin ba.

Sai dai kuskure ne a ɗauka cewa takara ce maganin komai. A 2019 kamfanin ACWA Power na Saudiyya ya ci takarar Habasha da farashin da ya ɗara senti 2.5 kaɗan, amma aikin ya ruguje, kuma matsalar samun kuɗin waje tana cikin manyan dalilai. Farashi mai sauƙi a takarda bai taɓa kunna ƙwan fitila ba. Kafin a buga ƙararrawar takara a Gwiwa, akwai tambayoyi huɗu da sai an amsa.

Ta farko, wa zai saya, kuma zai biya? Kamfanonin samar da wuta sun daɗe suna kukan tarin bashin da suke bi, domin kuɗin da kamfanonin rarrabawa ke tarawa ba ya rufe kuɗin wutar da suka karɓa. Duk mai zuba jarin da ke shakkar za a biya shi, ko dai ya tsauwala farashi ko ya kama gabansa.

Ta biyu, da wane kuɗi? Da dala ake sayen kayan sola, da naira jama'a ke biyan kuɗin wuta. Dalar da ake canzawa a kan naira 300 da ɗoriya a farashin gwamnati a ƙarshen 2016 ta haura naira 1,500 a 2024. Dole yarjejeniya ta fayyace wanda zai ɗauki wannan asara, in ba haka ba a kan mai shago da ma'aikacin gwamnati za ta sauka.

Ta uku, ta ina wutar za ta bi? Megawat 1,000 ya fi ƙarfin layukan da ke ciyar da garuruwan yankin, sai an gina babban layi da tashar rarrabawa. Mai ginin tasha ba zai yarda ya gama aikinsa ya zauna jiran layi ba.

Ta huɗu, filin wa? Gwiwa ƙasar noma da kiwo ce, kuma tasha mai wannan girma tana cin dubban kadada. Idan ba a biya diyya ta gaskiya ba, ba a bar burtali ba, kuma ƙauyukan da ke kewaye suka zauna cikin duhu wuta na wucewa ta kansu zuwa birni, an shuka rigima ke nan. Masarautar Kazaure da manoma da makiyaya suna da haƙƙin a ji ta bakinsu tun kafin a kafa turke.

Duk da haka akwai ƙofa a buɗe. Dokar wutar lantarki ta 2023 ta bai wa jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu. Tashar sola mai megawat 10 da aka buɗe a Kumbotso ta Jihar Kano a Janairun 2023 ta nuna cewa ƙaramin aiki yana iya kammaluwa. Hankali zai fi kwanciya idan aka fara da kashin da layukan yanzu za su iya ɗauka, aka haɗa shi da masu saye sanannu, wato KEDCO da masana'antu da kasuwanni, aka kuma wallafa sharuɗɗa da farashin kowane ɗan takara. Ya kamata kwangilar masu ba da shawara ta tilasta musu horar da ma'aikatan jiha da ɗaliban Kwalejin Fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure, don kada a sake ɗauko baƙi a kowane zagaye.

Hausawa na cewa da babu gara ba daɗi. Megawat 50 da ke kai wuta shagon mai walda a Kazaure ya fi megawat 1,000 da ke kwance cikin fayil. Abin da mutanen yankin ya kamata su nema daga wakilansu a Dutse da Abuja shi ne a fito da sakamakon binciken da aka kashe wa kuɗi, a faɗi mai sayen wutar, a kuma sanya ranar takara.